Jinyar Biju, Karen da ke Kai Baba Masallaci

Na san akwai waɗanda za su ga kan wannan rubutu su taɓe baki, su ce malamar lakol guda ta rasa abin yi sai ba da labarin jinyar kare. Ku taɓe, ni ma da a gidan wani aka yi haka zan yi. Amma a gidanmu abin ya faru, kuma ba karen kaɗai ya shafa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi yadda ya zo, ko wani zai tsira daga wautar da muka haɗu muka tafka.

Sunana Rabi, ina koyar da yara a wata lakol, wato makarantar boko, a nan unguwar Talladje. Asalinmu Damagaram, amma a Yamai na girma. Mahaifina, Malam Isufu, direba ne tun yana saurayi, kuma aikinsa na ƙarshe wajen wata baturiya ya yi shi. Da za ta koma ƙasarsu ta bar masa ɗan karenta, wani fari mai gashi, ɗan mitsitsi, wanda ko kyanwar gidan maƙwabta ta fi shi jiki. Sunansa Biju. Bayan haka Allah ya yi wa Innarmu rasuwa, idon Baba kuma ya fara tafiya a hankali, har ya rufe gaba ɗaya. Dole ni da maigidana, Baban Nafisa, muka saki gidan haya a Bobiyel muka dawo gidan Baba. Baban Nafisa bai so zaman gidan suruki ba, kuma ban ga laifinsa ba, amma ya zo.

Ba wanda ya koya wa Biju jagora. Baba ne ya ɗaura masa igiya wata rana suka fita, sai ga shi karen ya san hanyar masallaci, ya san inda lambatu yake, ya san kwanar butik, shagon unguwarmu. Ana kiran salla zai tashi ya tsaya bakin ƙofa. In sun isa, Baba ya ɗaure shi a gindin dogon yaro ya shiga, in an idar su dawo. Wannan tafiya ita ce abin da ya rage wa Baba na kansa. Ya rantse ba ɗan Adam da zai ja shi da sanda ko da hannu a unguwar da ya yi shekaru yana shigowa da mota, don kada mai wucewa ya miƙo masa sadaka. Duk wanda ya san Baba ya san ba wasa yake ba.

Ni kuwa ni ke ba Biju abinci, ni ke share inda yake kwana, amma ban taɓa sa masa hannuna tsirara ba. Limamin unguwa ya taɓa gaya mana cewa a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, kwano dai ake wankewa in ya sa baki. Na ji, kaina ya yarda, hannuna ne bai yarda ba. In ta kama dole in taɓa shi, baƙar leda nake zura wa hannu. Haka kowa yake yi a gidan in ban da Baba.

Wata Laraba na dawo daga lakol bayan la'asar, na iske maƙwabcinmu Alhaji Mamman riƙe da gwiwar hannun Baba a ƙofar gida, Baba kuma rungume da Biju a ƙirji. Ƙafar gaba ta dama tana reto, karen yana wani siririn kuka.

Na ce, "Alhaji, me ya same shi?"

Ya ce, "Ɗan kabu-kabu ne ya taka shi."

"Ka gani da idonka?"

"To, haka dai aka ce."

"Wa ya ce?"

Sai ya fara gyara hula. Ni dai har yau ban yarda da zancen moto ba, wato babur ɗin ɗan kabu-kabun. Kare yana ɗaure a gindin itace, nesa da titi, kowa yana cikin sahu, amma kowa ya san moto ne. Akwai mutanen da suka daɗe suna gunaguni cewa kare a ƙofar masallaci bai dace ba, na san su, sun san na san su. Ban kama kowa ba, don haka ba zan kira suna ba.

Washegari na nemi izini a lakol. Na tare taksi ya fi a ƙirga, da direba ya leƙo ya ga abin da ke hannuna sai ya ja motarsa. Sai da na koma na sa Biju a kwali na rufe da zane, na ce kaji ne, sannan wani ya ɗauke ni. Da ya yi kuka a hanya direban ya dube ni ta madubi, ni ma na dube shi, ya ci gaba da tuƙi.

A wurin likitan dabbobi na zauna a banci tsakanin masu raguna da wani soja mai ƙaton kare. Da layi ya zo kaina na iske likitan yaro ne, da agogo mai ƙyalli, ga wata sabuwar mota a waje da na tabbata tasa ce. Tun daga nan na ɗaure jakata da kyau. Ya lallatsa ƙafar, ya yi wa Biju allurar kashe zafi, ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi, wanda suke kira radiyo, kuma shi ba ya da na'urar. Ya tura ni wani asibiti na mutane. Can ma sai da marasa lafiya suka ƙare kaf, mai ɗaukar hoton ya shimfiɗa leda a tebur yana tsaki, kamar ba biyansa zan yi ba.

Na kawo hoton, likita ya ɗaga shi a taga ya nuna min. Ƙashi biyu ne suka karye, kusa da dantse. Maganarsa ta zauna min a kai, ga ta kamar yadda ya faɗa.

"Madam, ƙashin irin waɗannan ƙananan karnuka kamar tsinken tsintsiya yake, kuma jini ba ya isa wurin sosai. In an ɗaure kawai, sau da yawa ba ya haɗewa. Hanya biyu ce. Ko a yi masa aiki a sa ɗan ƙarfe a riƙe ƙashin, muna ce masa plak, ko in ɗaure, ya zauna a keji ba motsi, kina kawo shi kowane sati in canza ɗaurin. Da nawa ne, aiki zan yi masa."

Na ce, "Ai na san haka za ka ce. Nawa ne aikin?"

Ya faɗa. Ya fi albashina na wata biyu. Wai ƙarfen sai an aiko da shi daga waje, kuma wani abokin aikinsa ne zai zo ya sa. Na ce a raina, lalle, kai da abokinka za ku raba. Ya yi wa ƙafar ɗaurin wucin gadi, na ce zan je in yi shawara.

A gida kowa ya zama likita. Baba ya ce, "A yi masa aikin, Rabi. A ci bashi a kan kuɗin fanshona, me nake yi da su?" Baban Nafisa bai ɗago kai daga abinci ba ya ce, "Baba, da mutum ne da ba a tsaya shawara ba. Amma in ma'aikatanmu suka ji an yanka kare an sa masa ƙarfe, ni ban san inda zan sa kaina ba." Ya kira wani abokinsa da ya taɓa aiki a ma'aikatar kiwo, shi kuma ta waya, bai ga kare ba bai ga hoto ba, ya ce kare da kansa yake warkewa, ƴan kilinik cuta ce kawai. Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, ta zo takanas ta ce a kai wa mai ɗori na unguwarsu, wanda ya ɗora ƙafar ɗanta. Ta je ta tambaye shi, ya ce hannun da ya gada daga kakanni ba zai taɓa kare ba. Ta dawo tana ba shi gaskiya.

Ni na yanke. Ba don kunyar ma'aikatan Baban Nafisa ba, kuma ba don kuɗin kaɗai ba, don da na ga dole ce da na nemo su. Na yanke ne don ban yarda da yaron nan ba. Na ce wa Baba likita ya ce ɗauri ma yana yi, kuma ai ya faɗa, sai dai ban kawo masa sauran maganar ba. Baba ya ce, "To, ke kika gani."

Da na koma na ce ɗauri nake so, likitan bai ja da ni ba ko kaɗan. Wannan ma ya dame ni, na ce ko dai yana jira ne abin ya lalace in dawo hannunsa. Ya sa wa ƙafar auduga da wani ɗan karan roba, ya naɗe da bandeji tun daga kafaɗa, ya bar yatsu biyu a waje. Ya ce, "Waɗannan yatsun su za su gaya miki halin da ƙafar take ciki. Safe da yamma ki taɓa su. In kin ji sanyi, ko sun kumbura, ko kin ji wari, a ranar ki kawo shi. Kada ɗaurin ya jiƙe, kada ya yi tsalle." Na ce na ji. Ya rubuta magani, na biya ta farmasi na saya ina ƙunƙuni.

Mun aro kejin kaji muka sa shi a tsakar gida, kusa da kujerar Baba. Ba a jima ba muka ga ba za ta yiwu ba. Baba na tari Biju zai miƙe, ana kiran salla zai dinga dukan wayar kejin da ƙafar mai ɗauri yana son fita. Sai na ɗauke kejin na kai bayan madafa, wajen da muke wanke-wanke. Wurin akwai matakala biyu da kwata, Baba ba ya zuwa can tun da idonsa ya rufe. Na ce masa likita ya hana ya je kusa da shi sai ƙashi ya kama. Likita bai ce haka ba, tsalle ya hana, ni na ƙara nawa.

Satin farko Baba ya yi sallolinsa a ɗaki. Alhaji Mamman ya aiko cewa zai riƙa biyo masa su tafi tare, Baba ya ce a gode masa. Baban Nafisa ya durƙusa ya ce, "Baba, ko Juma'a ce in kai ka a moto." Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka, zan jira Biju." In an kira salla nakan gan shi ya juya fuska wajen ƙofa, sannan ya laluba buta. Abin yana ci min rai, amma ina ce wa kaina ƴan makonni ne.

Da sati ya cika na koma da kwalina da zanena. Na yi zaman banci har azahar, likita ya kwance, ya duba, ya sake naɗewa, ko shayi mutum ba zai gama sha ba an gama. Ya ce ƙafa tana lafiya, na biya. A hanya na dinga lissafi, na ce wato haka za a riƙa tatsata kowane sati a kan naɗin bandeji, ni da nake ɗaure wa yara talatin ciwo a lakol. Sati na biyu ya zo daidai da jarrabawar yara, ga takardu jibge, sai na ƙi zuwa. Ya kira ni a waya ban ɗauka ba, na ce kuɗinsa yake nema.

A cikin satin nan ɗaurin ya fara zamewa. Biju ya rame, ƙafar ta saki, bandeji yana saukowa yana rufe yatsun. Kullum sai in zura leda in ja shi sama, kafin yamma ya sake saukowa. Wata rana na dawo daga lakol Baban Nafisa ya tare ni da fara'a, ya ce, "Maman Nafisa, na gyara miki ɗaurin karenku, ba zai ƙara zamewa ba." Na je na duba. Ya yanko robar cikin tayar moto, irin wadda muke ɗaure komai da ita a garin nan, daga tiyon ruwa har kayan kasuwa, ya naɗe saman bandejin da ita tam. Ya yi kyau a ido. Na yi mamaki, don mutumin nan ko kwanon Biju bai taɓa matsarwa da ƙafa ba, amma na yi masa godiya, har na ƙara masa nama a miya.

Ranar da washegari Biju ya yi ta kuka yana cizon ɗaurin. Na ce ƙaiƙayin warkewa ne. Daga nan sai ya yi shiru, ya kwanta, ya rage cin abinci. Na ce zafin gari ne, don lokacin bazara ce, mu ma ba ci muke ba. Safe da yamma ina zuwa, ban fasa ba, wallahi ban fasa ba. In zura baƙar leda, in taɓa yatsun nan biyu, in ji suna nan, in tashi. Na ga sun ɗan yi kauri, sun yi duhu, amma wurin da inuwa, kuma tafin Biju dama baƙi ne. Wani ɗan wari da na fara ji kuwa na ɗora wa kwata, har na zuba mata ruwan zafi da omo.

Baba ne ya fara magana. Ya ce, "Rabi, kukan Biju ya canza." Na ce sauƙi ne. Bayan kwana biyu ya ce, "Shirun nan ya yi yawa. An kira salla ban ji ya motsa ba." Na ce, "Baba, ya saba da kejin ne, ai haka ake so."

Ranar Asabar da hantsi ina shanya a tsakar gida na ji faɗuwar abu a bayan madafa, kwanoni suka watse. Na ruga na iske Baba a ƙasa. Ya bi bango da hannu shi kaɗai, ya rasa matakala ta biyu, ya faɗi a kan gwiwa. Na kama shi zan tada shi ya ture hannuna, ya ja jiki har ya taɓa wayar kejin, ya buɗe, ya sa hannu. Biju ya ɗago kai ya lashe shi, bai tashi ba. Baba ya shafa kansa, ya bi bayansa, ya sauko kan ɗaurin, ya tsaya a kan robar, sannan ya kai ga yatsun. Ya daɗe riƙe da su.

Ya ce, "Rabi, zo ki taɓa."

Na jawo ledata daga jikin ƙusa.

Ya ce, "Mene ne nake ji yana ƙara?"

"Leda ce, Baba."

"Da ita kike taɓa shi?"

Na dubi ledar da ke hannuna.

Ya ce, "Cire ta."

Na cire. Na durƙusa na sa yatsuna a kan nasa yatsun, karo na farko tun da karen nan ya shigo gidanmu. Sanyi ƙalau, kamar naman da aka ciro daga firigo, a cikin wannan zafin na Yamai. Na taɓa ɗaya ƙafar na ji ta da ɗumi. Duk kwanakin nan abin da aka ce in ji yana nan, ni kuma ina zuwa da hannu a rufe.

Ban nemi kwali ba ranar. A zanena na naɗe shi, na tsaya tsakiyar titi, taksin farko na ce masa ya faɗi abin da yake so. Likitan na ganina ya bar ragon da yake dubawa. Ya ga robar, ya dube ni, ya ce, "Wa ya sa wannan? Tun yaushe?" Na gaya masa. Ya sa almakashi. Abin da na gani da warin da ya tashi ba zan kwatanta ba, don wani yana iya karanta wannan yana cin abinci.

Ya ce, "Madam, ƙafar ta mutu. Robar ta tsare jini. Yanzu ba zancen plak, ba zancen ɗauri. Ko a cire ta daga kafaɗa, yau ko gobe, ko in yi masa allura ya huta."

Ku ji halina. A wannan lokacin ma sai da na ce, "Ko dai don na ƙi aikin farko ne kake son ka yi wannan?" Na ga ransa ya ɓaci, amma ya daure. Ya ɗauko allura ya soka a tafin ƙafar har ta shige, Biju ko kunne bai kaɗa ba. Ya ɗan taɓa ɗaya ƙafar da bakinta, karen ya zabura. Ya ajiye allurar ya ce, "Ki kira gida."

Baban Nafisa ya zo a moto cikin ɗan lokaci. Aka faɗa masa kuɗin, mutumin da ya ce ba a yanka kare bai ko nemi ragi ba, ya fita, ya dawo da su. Ban tambaye shi inda ya samo ba. Muna zaune a bancin nan ana aiki a ciki na ce masa, "Ka san roba tana tsare jini?"

Ya ce, "Da na sani zan sa?"

"Kai da ba ka taɓa zuwa kusa da shi ba, me ya kai ka ranar?"

Ya juyo ya ce, "Rabi, kina nufin da gangan na yi?"

"Ban ce ba."

"Ai gara ki ce. Na gan ki kullum kina fama da bandeji, na ce bari in taimaka. Ke da kike zuwa safe da yamma da ledarki, me kika gani?"

Har yau in na kwanta wani lokaci zuciyata tana ce min taimako ne, wani lokaci ta ce mutum ne da ya gaji da gidan suruki da karen suruki, ya ga hanya. Saurin da ya yi wajen biya ma ban san ko tausayi ba ne ko nauyin abin da ya sani. Mijina ne, uban ƴata, ban taɓa kama shi da mugunta ba. Na bar shi da Allah, na kuma roƙi Allah ya yafe min in zargin banza nake.

An cire ƙafar. Jinyar da ta biyo baya ita ce ta gaskiya, kuma da hannuna na yi ta. Na wanke ɗinki, na shafa magani, na ɗura masa ƙwaya a cikin kifi, na koma duk ranar da likita ya ce in koma ko da jarrabawa ko babu. In na gama in wanke hannu da sabulu in yi alwalata, ba abin da ya same ni. Gwaggo Hajara ta zo ta gan ni rungume da shi, ta ce, "Rabi, kin lalace." Na ce, "Gwaggo, sannu da zuwa." Kejin kuwa na mayar da shi gefen kujerar Baba tun ranar da aka sallamo mu.

Abin mamaki, Biju bai daɗe ba ya miƙe. Da farko yana faɗuwa ta gefen da babu ƙafa, ya tashi, ya sake. Kafin a cire zare yana zagaya tsakar gida. Kafin wata ya cika yana korar ƙadangaru, yana ci kamar wanda aka biya.

Likitan nan na gode masa, kuma na je har wurinsa na ba shi haƙuri. Motar ma ashe ba tasa ba ce, ta mai gidan da yake haya ce. Amma ina da ƙorafi a kansa, na kuma faɗa masa. A garin nan ya girma, ya san yadda muke da kare. Da ya ce in taɓa yatsu, me zai hana ya ƙara cewa da hannu tsirara? Ya ce bai taɓa kawo wannan a ransa ba, amma daga yau zai riƙa faɗa. Ko yana faɗa, oho. Na gode wa Alhaji Mamman da bai gaji da aiko gaisuwa ba, duk da har yanzu bai gaya min wanda ya ga moton ba.

Ga mai ƙaramin kare, ba zan ce lalle ka yi aiki ba, ba zan ce ka yi ɗauri ba. Ban sani ba ko ɗaurin zai kama da mun bi shi daidai, likita ma ya ce bai sani ba. Abin da na sani shi ne, ɗauri ba shi ne hanya mai sauƙi ba, shi ya fi son ido da hannu da zirga-zirga. In ka san ba mai iya taɓa dabbar a gidanka, ko ba za ka koma a canza ba, nemi kuɗin aiki tun da wuri. Kada kowa ya ƙara wa ɗaurin likita komai, ko zare ne. Kuma kada a raba dabbar da mutumin da ya fi kowa saninta.

Saura Baba. Gwiwar da ya faɗi a kanta ta kumbura, ta sauka, amma zaman wata biyu da wani abu a ɗaki ya cinye masa ƙafafu. Da likita ya ce Biju zai iya fita, ni da kaina na ɗauko igiya na sa wa Baba a hannu, raina fari. Suka nufi ƙofa. Sai dai tafiyar mai ƙafa uku tsalle-tsalle ce, igiyar tana fizga tana saki, ba irin jan da hannun Baba ya sani ba. Suna fita ya yi tangal-tangal, ya dafe bango, a gaban masu shayin ƙofar butik. Wani yaro a cikinsu ya taso da gudu ya ce, "Baba, kawo hannu in kai ka." Baba ya tsaya, ya juya, ya lalubo ƙofa ya shigo.

Na ce gobe a sake gwadawa, zai saba. Ya ce to. Gobe ta yi ya ce gwiwa. Jibi ya ce rana. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce zan bi su a baya ba wanda zai sani. Ya ce, "Ni zan sani."

Jiya ina gida aka kira azahar. Biju ya tashi daga ƙarƙashin kujera, ya yi ɗingishinsa har bakin ƙofa, ya tsaya yana waiwaye. Baba ya ji tafiyarsa. Na ga ya dafa hannun kujera kamar zai miƙe. Sai ya saki.

Ya ce, "Rabi, miƙo min buta. Ki kira shi ya dawo inuwa, kada ya yi ta jirana a rana."